Asabar: tausayin Jervis Tetch da inda ya tsaya

Yau bayan la'asar na sake kallon kashin nan na katun ɗin Batman mai suna "Mad as a Hatter", wanda aka fara nunawa a tashar Fox ta Amurka a Oktoban 1992. Paul Dini ne ya rubuta, Frank Paur ya ba da umarni. Minti 22 ne ko kusa da haka, amma a cikinsu an sa mai kallo ya tausaya wa bos, an kuma ƙwace tausayin tun kafin a tashi. Tsarin da aka bi wajen yin hakan na zauna ina bin diddigi.

Da farko ba a nuna Jervis Tetch yana aikata laifin komai ba. Masanin kimiyya ne a kamfanin Wayne, mai kunya, mai manyan haƙora, shugabarsa Dakta Cates kullum cikin yi masa tsawa take. Ya ƙera 'yar na'urar da ke juya ƙwaƙwalwa, ya gwada ta a kan ɓeraye har suka zauna shan shayi kamar mutane. Kashi biyu ce na'urar: abin da yake ɗaurawa a kansa yana aika umarni, da ɗan katin da ake maƙala wa wanda za a juya. A jikin katin an rubuta 10/6, wato sule goma da sisi, kuɗin hular da ke cikin zanen littafin Lewis Carroll na 1865, "Alice's Adventures in Wonderland", littafin da Tetch ya haddace kamar karatun allo. Raunin abin a bayyane yake: da zarar an cire katin, mutum ya dawo hayyacinsa.

Alice sakatariya ce a ofishin, ita kaɗai ke yi masa magana da mutunci. Tana da saurayi, Billy. Son maso wani ke nan, ƙoshin wahala.

Wurin da marubucin ya fi nuna gwaninta shi ne lokacin da Alice ta samu saɓani da Billy. Tunanin maƙala mata katin ya zo wa Tetch, sai ya ƙi da kansa, domin ya san gangar jiki kawai zai samu ba zuciya. Wannan 'yar maganar ita ce ginshiƙin kashin gaba ɗaya. Ta nuna mutumin ya san haram ya san halal, saboda haka duk abin da ya biyo baya ba za a ce rashin sani ba ne. Sai ya ɗauki wata hanyar: ya ci ado da doguwar hula, ya fita da ita yawon dare, ya maƙala wa ma'aikatan gidan abinci katuna suna ta rawar jiki a gabansa kamar wani babban mutum. A nan har dariya yake ba ka. Amma a daren ne wasu 'yan fashi biyu suka tare su, ya sa musu kati ya ce su je su faɗa kogi. Da Batman bai riske su a kan gada ba, da sun mutu. Tetch kuwa ko a jikinsa, hankalinsa na kan yarinya.

Washegari Alice ta zo da zoben baiko, sun shirya da Billy. Tetch ya damƙe furannin da ya kawo har ƙaya ta fasa masa hannu. Daga nan abin ya riƙa gangarowa daki-daki: ya juya Billy ya sa shi fasa auren, ya juya Dakta Cates, da Alice ta gane akwai lauje cikin naɗi ta ja da baya, sai ya maƙala mata katin da ya ce ba zai taɓa sa mata ba. A ganina nan tausayin ya ƙare, kuma da gangan aka ƙare shi. Abin da ya rage sai faɗan wurin shaƙatawa na Storybook Land, inda Batman ya cire wa Billy kati, ya yanko ƙaton gunkin dodo ya danne Tetch, yana kwance yana kallon Alice ta rungume Billy.

Rabin aikin muryar Roddy McDowall, wanda ya yi muryar Tetch, ce ta yi shi. Yana magana a hankali, muryar na ɗan rawa, ko da yana barazana sai ka ji kamar roƙo yake. Da an ba wani mai kaushin murya, da tun minti biyar na farko an tsane shi.

Masu kallo kan haɗa Tetch da Mista Freeze na kashin "Heart of Ice", wanda shi ma Dini ya rubuta, aka nuna a Satumban shekarar, ya kuma ci kyautar Emmy ta rubutu. Ban yarda ɗaya suke ba. Victor Fries, wato Mista Freeze, matarsa Nora ta so shi, ya daskarar da ita ne yana neman maganin cutarta, maigidansa Ferris Boyle ya katse aikin saboda kuɗi. Shi an zalunce shi, don haka tausayinsa ke ɗorewa har ƙarshe. Tetch ba wanda ya raba shi da kowa. Alice ba ta taɓa yi masa alkawari ba, kirkinta ya fassara da so.

Inda kashin ya gaza shi ne ita Alicen kanta. Ba mu san komai game da ita ba in ban da fara'a da kuka, Billy kuwa hoto ne kawai mai motsi. Shi ya sa wasu ke tashi daga kallon suna cewa ai ta yi wa bawan Allah wulaƙanci, alhali ba abin da ta yi. Da an rage minti biyu daga faɗan ƙarshe an ba ta, ta faɗi abin da ta ji bayan an cire mata katin, da ba mai ɗora mata laifi.

Da daddare na ɗora da "Perchance to Dream", inda Tetch ya dawo ya jefa Bruce Wayne, wato Batman, cikin mafarkin rayuwa mai daɗi, iyayensa na raye, don kawai Batman ya fita harkarsa. Ko a can, Batman yake zargi da rushe masa rayuwa.