Shekaru huɗu a sashen ilimin halayyar ɗan Adam

Ranar da sunana ya fito a sashen ilimin halayyar ɗan Adam, kawuna ya tambaye ni ko likitan masu taɓin hankali zan zama. Ban iya ba shi amsa ba, domin ni kaina a lokacin zatona shi ne za a koya mana yadda ake duban fuskar mutum a gane abin da ke zuciyarsa. Tun a zangon farko aka raba ni da wannan zato. An fara mana da tarihin Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus a 1879, daga nan aka shiga aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sannan lissafin ƙididdiga, wanda ya fi komai wahalar da mu da muka fito daga ajin adabi. Sai daga baya na gane cewa lissafin nan shi ne ƙashin bayan karatun, tunda da shi ake bambance abin da aka tabbatar da abin da mutum ya raya a ransa.

Darasin da ya fara amfanata shi ne na Hermann Ebbinghaus, wanda ya nuna a 1885 cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne tun da wuri, kuma bita a lokuta mabambanta ce take riƙe shi. Ina jin haka na tuna da malaminmu na makarantar allo, wanda ba ya yarda a wanke allo sai an kawo tilawar baya. Daga ranar na daina kwanan karatu a daren jarrabawa.

Amma inda hankalina ya fi tsayawa shi ne aji uku, lokacin da muka karanta bayanin John Bowlby da Mary Ainsworth kan shaƙuwar jariri da mahaifiyarsa. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma wasa da ni a gaban mutane, kuma a hannun kakata na yi yawancin ƙuruciyata. Wanda ya ɗauko ma'aunin da aka tsara a wata ƙasa ya ɗora a gidanmu ba tare da sanin kunyar ɗan fari ba, zai iya rubuta cewa uwar nan ba ta damu da ɗanta ba, alhali ni na san wadda take hana kanta barci idan zazzaɓi ya kama ni. Ban ce bayanin nasu ƙarya ne ba, Ainsworth ma a Yuganda ta fara bincikenta, sai dai ma'auni yana bukatar wanda ya san gidan da ake aunawa.

Wannan matsala ta sake tare ni a aikin bincikena na shekarar ƙarshe. Na mayar da takardar tambayoyi zuwa Hausa domin matan aure a unguwarmu, sai na tarar kalmar "damuwa" ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa uku da littattafanmu suka rarrabe. Da yawa daga cikinsu ma ba sa cewa suna baƙin ciki, sai su ce ƙirjinsu ya yi nauyi, ko kansu yana zafi, ko barci ya ƙaurace musu. Dole na sake tambayoyin da kalmomin bakinsu, kuma a nan ne na ƙara ganin girman Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, wanda tun a 1954 ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, tare da danginsu a gefensu.

Yanzu ina iya amsa wa kawu. Likitan ƙwaƙwalwa sai ya yi karatun likitanci, shi ne kuma mai rubuta magani. Digirin farko irin nawa bai ba ni ikon duba marar lafiya ba, sai na ƙara digiri na biyu tare da horo a asibiti irin na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, kuma takardun neman gurbin nake haɗawa a halin yanzu.