Wace burauza ce za ta buɗe linkin da ke cikin imel? Yadda muke saita ta a shagon kwamfuta

Shagon kwamfuta irin namu a Bauchi buga takardu yake yi, da rajista ta intanet, da ɗora Windows, da ɗan gyaran waya ta ɓangaren manhaja. Ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) na Yelwa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji su ne yawancin masu shigowa, sai ma'aikatan ofisoshi da 'yan kasuwa masu neman rajistar kamfani. Duk aikin da suka kawo, rajistar hidimar ƙasa ce, biyan kuɗin makaranta ta Remita ne, ko neman aiki, akwai inda za a turo saƙon imel da linki a ciki, a ce a taɓa don tabbatarwa. A nan ake yawan maƙalewa. Mutum ya cike fom a Chrome, ya taɓa linkin, sai wata burauza daban ta buɗe, ta ce ya sake shiga, shi kuma kalmar sirrinsa tana ajiye a waccan ta farko, bai haddace ta ba.

Dalilin shi ne kowace burauza da ma'ajiyarta. Idan ka shiga wani shafi da sunanka da kalmar sirri, shafin yana ajiye wata 'yar shaida a cikin burauzar da ka yi amfani da ita, da ita yake gane ka. Edge ba ta ganin shaidar da ke cikin Chrome, Chrome ba ta ganin ta Firefox. Ƙari a kan haka, linkin sauya kalmar sirri da na tabbatar da imel galibi sau 1 suke aiki, kuma suna da wa'adi. Idan ya buɗe a inda bai dace ba, wani lokaci shi ke nan ya ƙone, sai an nemi sabo.

Tambayar farko da muke koya wa yaran shago su yi ita ce: "Malam, a ina kake karanta imel ɗin?" Amsar ce take raba aikin. Idan a cikin burauza yake karantawa, wato ya buɗe Gmail ko Yahoo a Chrome, to babu wani saiti da za a taɓa. Linkin zai buɗe a sabon shafi a cikin burauzar da yake ciki, ko da kwamfutar an saita ta a kan wata. Wanda yake son linkin ya buɗe a Firefox sai ya karanta imel ɗinsa a Firefox. Amma idan manhajar imel ce daban, irin Outlook ko Thunderbird a kwamfuta, ko manhajar Gmail a waya, to ita manhajar miƙa linkin take yi ga na'urar, na'urar kuma ta ba burauzar da aka naɗa. Sai dai wasu manhajojin suna da nasu zaɓin da yake danne na na'urar. Don haka wuri 2 ake dubawa, na'ura tukuna, sannan manhaja.

A Windows 10 hanyar gajera ce: Settings, Apps, Default apps, a gangara wurin Web browser, a taɓa, a zaɓa. A Windows 11 ma Settings, Apps, Default apps ne, sai a nemo sunan burauzar a jerin, a shiga, a danna Set default da ke sama. Wannan maɓallin sai a 2022 aka ƙara shi. Kwamfutar da aka ɗora wa Windows 11 na farkon fitowa ba a sabunta ta ba, dole a bi ɗaya bayan ɗaya a sauya HTTP, HTTPS, .htm da .html. Biyun farko su ne na linki, kuma HTTPS ya fi muhimmanci, don kusan duk linkin da ake turowa yanzu da shi yake farawa. Ko an danna Set default, a leƙa .pdf, domin yakan zauna a hannun Edge, sai takardar shaidar biya ta riƙa buɗewa a can mai kwamfuta ya ɗauka saitin bai kama ba. Wani abin da ake mantawa: saitin na kowane asusu ne. Kwamfutar ofis mai asusu 3, sau 3 za a yi aikin.

Gwajin da muke yi kafin mu taɓa manhajar imel ba ya cin minti 1. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta cikakken adireshi mai farawa da https, a danna Enter. Burauzar da ta buɗe ita ce Windows ya sani. Idan nan daidai ne amma daga imel wata ce take buɗewa, an wanke Windows, laifin yana cikin manhajar.

Outlook shi ne ya fi kawo mana irin wannan aikin daga ofisoshi. Tun 2023 Microsoft ya sa Outlook na Microsoft 365 ya riƙa buɗe linki a Edge, da imel ɗin a gefen shafin, ko da Chrome aka naɗa a Windows. Mutane da yawa suna zaton cuta ce ta shiga kwamfutar, har a kawo ta a ce a goge komai. Ba ta kai nan ba. A tsohon Outlook a shiga File, Options, Advanced, a nemo layin da aka rubuta Open hyperlinks from Outlook in, a mayar da shi Default Browser, a danna OK. Teams ma yana da irin wannan zaɓin a saitinsa, a ɓangaren Files and links. Idan layin ya yi toka-toka ba ya taɓuwa, to mai kula da kwamfutocin ma'aikatar ne ya kulle shi daga sama, kuma mu ba ma ɓalle irin wannan kulle. Sai mu ce wa mai ita ya koma wurin jami'insu. A ganina wannan tsarin na Microsoft bai kyautu ba, tunda mutum ya riga ya faɗi burauzar da yake so a Windows, bai kamata a sake sa shi farautar wani layi a cikin Advanced ba. Haka kuma sakamakon binciken intanet da ake yi daga akwatin Start, a Edge yake buɗewa, kuma wannan saitin ba ya taɓa shi.

Akwai wata matsalar ta daban wadda linkin ba ya buɗewa gaba ɗaya. Outlook ya fito da saƙo cewa an soke aikin saboda takunkumin da ke kan kwamfutar, ko kuma dokar ma'aikatarku ta hana. Sau da yawa babu wata ma'aikata, kwamfutar mutum ce ta gida. Abin da ya faru shi ne an cire Chrome ko Firefox alhali ita ce a naɗe, sai rajistar Windows, wato Registry, ma'ajiyar saitinsa ta ciki, ta ci gaba da nuna burauzar da babu ita. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a sake ɗora burauzar da aka cire, a naɗa wata a Default apps, sannan a cire ta idan har yanzu ba a so. Idan bai yi ba, a danna Reset da ke shafin Default apps, ya mayar da komai yadda ya zo, a sake zaɓa. Akwai masu shiga rajistar su gyara .html da hannu, yana yi, amma ba aikin sabon yaro ba ne. Shi kuwa zaɓin HTTPS, Windows yana ɗaure shi da wata lambar tsaro, duk wanda ya sauya shi ta bayan gida, Windows zai watsar da sauyin ya koma Edge.

Tsofaffin kwamfutoci na hannu masu Windows 7 har yanzu suna nan a ofisoshi da shaguna. A cikinsu hanyar ita ce Control Panel, Default Programs, Set your default programs. Amma gaskiyar magana matsalarsu ta wuce saiti. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Internet Explorer ya yi ritaya ranar 15 ga Yunin 2022, Chrome kuma a lamba 109 ya tsaya wa Windows 7. Za ka naɗa burauzar daidai, linkin ya buɗe, shafin banki ko na biyan kuɗi ya ƙi karɓarta. Shi kansa Windows 10 wa'adin kulawarsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka wannan hanyar zai bi sannu a hankali.

Thunderbird ba ya gardama, abin da na'ura ta ce shi yake bi. A Mac kuma System Settings ne, Desktop & Dock, Default web browser.

Waya ita ce mai yawan aikin, don yawancin masu shigowa a waya imel ɗinsu yake. Tecno da Infinix sukan zo da Phoenix a ciki, Samsung da Samsung Internet, ga Chrome, ga Opera Mini da mutum ya ɗora don tsimin data. Waya 1, burauza 3 ko 4. Ranar da aka fara taɓa linki wayar ta yi tambaya, Just once ko Always, mai ita ya danna Always a kan wadda yatsansa ya faɗa, shi ke nan ta zauna. Gyaran yana Settings, Apps, Default apps, Browser app. Sunayen suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka ya fi sauri a rubuta default a akwatin binciken Settings. Ba ma shawartar kowa ya naɗa Opera Mini a wannan gurbin idan yana rajista ko biyan kuɗi. A yanayin tsiminta mafi tsanani, shafin yana bi ta kwamfutocin kamfanin Opera ne a matse shi kafin ya iso wayar. Don karanta labarai wannan riba ce. Amma fom mai ɗora hoto, ko shafin da zai karɓi lambar kati, yakan tsaya cik ko maɓallin ya ƙi dannuwa. A bar ta don karatu, a naɗa Chrome ko Firefox don aiki.

Bayan nan sai manhajar Gmail kanta. Tana buɗe linki a wata 'yar taga a samanta, ba a cikakkiyar burauza ba. Illar tana fitowa ne idan shafin ya ce an turo maka lamba ta imel. Ka danna baya don ka kwafo lambar, tagar ta rufe, abin da ka cike ya tafi. A shiga Gmail, layuka 3 na sama, Settings, General settings, a cire alamar da ke kan Open web links in Gmail. Daga nan linki zai riƙa buɗewa a burauzar da aka naɗa, kana iya zuwa ka dawo. Wanda ba ya son sauya saitin, ɗigo 3 da ke saman 'yar tagar suna da zaɓin mayar da shafin cikin burauza. Linkin YouTube ko Facebook da yake tsallake burauza ya faɗa manhajarsa kuwa, wannan a saitin ita manhajar yake, wurin Open by default.

A iPhone, tun iOS 14 na 2020 ake iya sauya Safari da wata. A shiga Settings, a nemo Chrome ko Firefox, a taɓa Default Browser App. Daga iOS 18.2 an tara su wuri guda a Settings, Apps, Default Apps. Gmail na iPhone ma yana da nasa Default apps a saitinsa, a duba shi.

Abin da ya shafi amanar sana'a shi ne kwamfutocin shago da kowa yake zama a kai. Chrome yana ɗaukar asusu da yawa, kuma linkin da ya zo daga wata manhaja yana faɗawa ne a asusun da aka yi amfani da shi a ƙarshe. Idan Hajiya ta gama rajistarta ba a fitar da ita ba, na bayanta ya taɓa linkinsa, zai iya samun kansa a cikin shafinta, ko takardarsa ta shiga ma'ajiyarta. Don haka ba ma ɗora manhajar imel a kwamfutocin abokan ciniki. Kowa tagar baƙo ake buɗe masa, wato Guest, a ciki zai buɗe imel ɗinsa, a ciki linkin zai buɗe, yana tashi a rufe tagar, tarihin da shaidar shiga su goge. Fayil ɗin da aka sauke ne kawai ba ya gogewa, shi da hannu ake share shi daga Downloads. Asusun Windows ɗin da suke zama a kai ma ba mai ikon ɗora manhaja ba ne, don kada wani ya sauko da burauzar da za ta naɗa kanta.

Idan ana son linki guda ya buɗe a wata burauza ba tare da sauya komai ba, kada a taɓa shi. A danna shi da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Copy link address, a liƙa a inda ake so. A waya a danne shi a riƙe har zaɓin ya fito. Wannan yana ba da damar karanta adireshin kafin a shiga. Sunan da ke daf da karkataccen layi na farko bayan https:// shi ne mai gidan. Shafin hukumar JAMB, misali, da .gov.ng yake ƙarewa, idan aka ga sunan hukumar a gaba amma ƙarshen wani abu ne daban, a bar shi. Sauya burauza ba ya hana damfara, shafin bogi zai karɓi kalmar sirrinka a Chrome kamar yadda zai karɓa a Edge. A imel ɗin ma'aikatu za a iya ganin dogon adireshi mai ɗauke da safelinks.protection.outlook.com. Wannan tacewar Microsoft ce aka naɗe linkin a ciki, ainihin adireshin yana can tsakiya.

Saitin yakan warware bayan an gama. Kowace burauza idan aka buɗe ta tana roƙon a naɗa ta, mai na'ura ya danna eh don saƙon ya ba shi wuri. Shi ya sa kafin mu miƙa kwamfuta muke buɗe sauran burauzojin ɗaya bayan ɗaya mu ƙi tayin, a Firefox kuma mu cire alamar Always check if Firefox is your default browser idan ba ita aka zaɓa ba. Sannan mu tura wa mai ita imel mai linki, ya taɓa da hannunsa a gabanmu, mu rubuta sunan burauzar da aka naɗa a bayan rasitinsa.