Yoyon da ya tsayar da mu a hawan Hada

Sati uku cur ina ɗura wa motata ruwa kamar mai shayar da raƙumi. Duk bayan kwana uku ko huɗu, in na ɗaga bonet da safe sai in tarar 'yar jarkar robar nan ta gefen lagireto, wadda ake ce wa girba a nan Makka, ta sauka ƙasan layi. Sai in ɗebo ruwan famfo in cike, in rufe, in kama gabana. Na ma samo wa kaina hujja: watan Yuli ne, zafi ya kan haura digiri 45, ai ko mutum ma yana shan ruwa fiye da kima.

Abin da ya ruɗe ni shi ne ban taɓa ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta har kwana biyu, ba abin da ya jiƙa shi sai ruwan esi, wanda fari ne tas, ba ƙamshi, kuma ta gefen mai zaman banza yake ɗiga. Uwargida ce ta fara cewa, "Malam, motar nan fa wani ƙamshi take yi kamar ana dafa alewa." Na ce mata turaren da yara suka zubar ne. Ashe ita ce ta fara gano cutar, don ruwan sanyaya inji haka yake, ƙamshin zaƙi-zaƙi gare shi in ya taɓa ƙarfe mai zafi.

Da abin ya ishe ni sai na yi irin ta mai ƙaramin sani. Na matsa tiyon sama na ji ya yi laushi, na yanke masa hukunci, na sayo sabo na canza. Kwana huɗu, girba ta sake sauka.

Ran wata Juma'a bayan La'asar muka ɗauki hanyar Ɗa'if shan iska, mu shida a mota, esi a ƙure. Har muka wuce gefen Arfa lafiya lau. Da muka fara hawan dutsen Kara, inda titin Hada ke ta lanƙwasa kamar maciji, sai allurar zafi ta bar tsakiya ta fara lallaɓawa sama. Na kashe esi, na buɗe gilasai, na kunna hita har ƙarshe, don hita ƙaramin lagireto ce, tana rage wa inji wani abu daga zafinsa. Yara suka hau ƙorafi, kuma ban ga laifinsu ba. Duk da haka allura ta ƙi komawa, dole na sami wuri mai faɗi na faka na kashe inji, birai na zaune a kan katangar titi suna kallonmu kamar sun biya kuɗin kallo.

A nan na kusa yin wautar da zan daɗe ina jinya. Na naɗe hannu da tsumma zan murɗe marfin lagireto, wani direba da ya tsaya kusa da mu ya daka min tsawa da Larabci cewa kar in buɗe. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne kawai ya danne shi, ana sassauta marfi zai yi tsartuwa ya wanke wa mutum fuska da ƙirji. Muka zauna kusan minti 45 har tiyo ya yi sanyin da zan iya riƙe shi, sannan na buɗe na zuba abin da ya rage mana na ruwan sha. Ɗa'if dai ba mu gan ta ba ran nan, gangarowa muka yi a hankali muka dawo gida.

Washegari da sassafe na tafi wurin Kawu, wanda ya shekara sama da talatin yana kanikanci kafin gwiwa ta zaunar da shi. Bai ko kalli lagireton ba da farko. Ma'aunin baƙin mai ya zaro, ya buɗe marfin mai ya leƙa ƙasansa, ya sa na tayar da inji ya tsaya bayan salansa. Ya ce, "Ɗana, ka yi sa'a. Da gasket ɗin kan inji, shimfiɗar nan da ke raba ruwa da mai da wuta, ya ƙone, da ka ga mai ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi mai ƙamshi ta baya, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto." Ba ko ɗaya a ciki.

Sai ya aiki jikansa warshar wani abokinsa, wato garejin gyara, ya aro famfon gwaji, ɗan ƙaramin famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a mazaunin marfi, inji na sanyi. Ya nuna min lambar da ke rubuce a kan marfina, 1.1, ya ce kar a wuce nan. Ya buga iska har agogo ya kai, muka zuba ido. Ko minti biyu ba a yi ba allura ta fara zamewa ƙasa. Ya miƙo min tocila, "Bi ta da kanka, idona ya tsufa."

Ga ta nan kuwa, tsaga siririya kamar gashi a jikin robar saman lagireto, dab da wuyan da na ɗaura sabon tiyona. Ruwa na tsattsafowa kaɗan-kaɗan, a kewayen wurin kuma ga wani busasshen gari fari-fari da na sha gani na ɗauka ƙura ce. Tsagar ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi matsi ya taru, abin da ya fito kuma tururi yake zama kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa kwalina ya kwana a bushe. Marfin ma da muka juya shi, robarsa ta ƙandare ta tsattsage.

Kawu ya zaunar da ni ya yi min lissafin abin da ya faru a kan dutse. Ruwan sanyaya inji mai kala da aka haɗa rabi da rabi da ruwa zalla, in marfi na riƙe matsinsa, ba ya tafasa sai ya haura digiri 120. Ni kuwa na tsinka nawa da ruwan famfo har ya zama kusan zalla, matsi kuma na zurarewa ta tsaga da marfi. Ruwa zalla a buɗe digiri 100 yake tafasa a bakin teku kamar Jidda, a tsayin Ɗa'if kuwa, wajen mita 1,800, tun a 94 yake fara ɓararraka, inji mai hawan dutse da kaya kuma zafinsa a nan wajen yake zama. Na ce, "Kawu, ni na ɗauka ruwan kalar nan na ƙasashen ƙanƙara ne." Ya yi dariya ya ce in jira in ga abin da zai fito daga cikin motata.

Na kawo shawarar a liƙe tsagar da gam, tunda na ji wasu ma ɗanyen ƙwai ko garin barkono suke zubawa. Ya ce wannan dabarar mai son ya kai gari na gaba ce, ba ta mai ɗaukar iyali ba, robar da zafi ya gasa shekara da shekaru in ka liƙe nan gobe can za ta buɗe. Muka sayo sabon lagireto da sabon marfi mai lamba ɗaya da tsohon.

Aikin kansa bai kai fargabar da na yi masa ba. Na kwance ɗan famfon ƙasa na tare ruwan a baho, ya fito ja-ja kamar kunun kanwa, tsatsa ce zalla, aikin ruwan famfona. Na cire tiyo biyu, na zare wayar fanka, na kwance ƙananan bututun man giya guda biyu na toshe bakinsu, don motar otomatik ce. Sabon ya zauna daram. Sau uku muna cika ta da tataccen ruwa irin na batir, mu tayar, mu bari ta huce, mu zubar, kafin ya fito fari. Tsohon ruwan Kawu ya sa na ɗure shi a jarka na kai warsha, ya hana a zubar a lungu, saboda guba ne mai zaƙi, kyanwoyin unguwa lasa za su yi su mutu, ga yara na wasa a wurin.

Inda na sake yin tuntuɓe shi ne fitar da iska bayan mun cika ta da sabon ruwan sanyaya inji. Kawu ya tafi sallar Azahar ya ce in bar ta tana aiki marfi a buɗe, hita a kunne, ina matsa tiyon sama, har fanka ta tashi sau biyu kumfa ta daina fitowa. Rana ta dake ni, fanka na tashi sau ɗaya na rufe. Washegari allura ta dinga rawa, hita na busa sanyi, gabana ya faɗi na ce shi ke nan gasket. Iska ce kawai ta maƙale a ciki. Da ta huce na buɗe, ta shanye kusan lita guda, na maimaita aikin yadda aka ce min.

Bayan sati biyu muka sake hawa Hada, esi a kunne, idona rabi a titi rabi a allura. Ba ta gusa daga ƙasan tsakiya ba har muka shiga Ɗa'if. Na sayo wa Kawu kwalin inabi, ya karɓa ya ce saura kuɗin tiyon da na canza ba laifin komai, wannan shi ma tiyon yana bi na bashi.