Inci ɗaya a hannun ɗan yayata, da abin da ya ja mana a zaɓen NFL

Duk mai yaron da ke buga takil, wato ɗan wasan da ke tare abokan hamayya a gefen layin gaba a ƙwallon Amurka, kuma yana harin NFL, babbar gasar ƙwararru, ya nemi tef ya auna masa hannu tun yana shekara ta biyu a jami'a. Ƙungiyoyi da yawa ba sa son ɗan takil da tsawon hannunsa bai kai inci 33 ba, wasu ma 34 suke nema. Mu babu wanda ya gaya mana sai da kuɗinmu suka gama tafiya.

Ɗan yayata ne, a hannuna ya tashi nan Amurka. A wata ƙaramar jami'a ta rukuni na biyu ya yi wasa, takil na hagu, kuma a gasarsu da wuya ka ga an wuce shi. Ba a gayyace shi Combine na Indianapolis ba, wato babban taron gwada 'yan wasa kafin ƙungiyoyin NFL su yi zaɓen sababbi, dama ba mu sa rai ba. Abin da ya samu shi ne gurbi a ranar gwaji ta wata babbar jami'a da ke kusa. Masu farautar 'yan wasa suka sa ya cire takalmi ya tsaya jikin bango, sai ga tsawon da makarantarsu ta daɗe tana rubuta masa ya ragu. Wannan bai dame ni ba, makarantu sun saba ƙara gishiri. Sai aka miƙe masa hannu, aka ja tef daga kafaɗa zuwa kan yatsan tsakiya, mai awon ya ɗaga murya don sauran su rubuta: 32. Ina tsaye a gefe na ga mutum biyu sun daina rubutu sun koma hira.

Ɗan takil shi kaɗai ne a bakin layi, kuma tsakaninsa da mai kawo hari, wanda ya riga ɗora hannu a ƙirjin wani shi ke da iko. A ƙaramar gasa ƙarfi yana rufe wannan giɓin, a NFL kowa ƙato ne. Mai gajeren hannu ciki ake tura shi, ya zama gad, mai tsayawa kusa da tsakiyar layi, ko santa, na tsakiya mai duƙawa ya miƙa ƙwallo ta baya a fara wasa.

Abin da ke ci min rai har yau, ejan ɗinmu, wato wakilin da ke nema wa yaron ƙungiya, ya san haka. Hannun nan dai shi ne tun ranar da ejan ɗin ya zo falona ya sha shayi. Amma ya tura yaron wurin horo, mu muka biya, aka kwashe hunturu ana koya masa gudun yadi 40 da ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 225, kusan kilo 102. Yaushe rabon da ka ga ɗan layi ya yi gudun yadi 40 a wasa? Goman farko kawai ake dubawa. Ba a taɓa ba shi ƙwallo an ce ya duƙa ya miƙa ta baya ba, ko sau ɗaya.

Ba wai ƙananan makarantu ba su da rabo ba. Ali Marpet daga Hobart ya fito, rukuni na uku, Tampa Bay ta ɗauke shi na 61 a 2015, ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na kofin NFL, da su. Jahri Evans na Bloomsburg, New Orleans ta ɗauka a zagaye na huɗu a 2006. Dukansu takil suke bugawa a makaranta, dukansu a gad suka yi suna. Wanda na fi dubawa shi ne Quinn Meinerz na Wisconsin-Whitewater. Korona ta sa aka soke musu kakar 2020, sai ya koya wa kansa aikin santa. Aka kira shi Senior Bowl, wasan zaratan 'yan jami'a da ake yi a garin Mobile, a makare, ya maye gurbin wani mai rauni, ya miƙa ƙwallo a gaban kowa, Denver ta ɗauke shi a zagaye na uku a 2021.

Wani zai ce ai Will Campbell ma an yi ta surutu kan hannunsa bai cika 33 ba a Combine, kuma New England ta ɗauke shi na huɗu a 2025. Gaskiya ne, amma shi daga babbar jami'ar LSU ya fito, ya shekara uku yana tare ƙattin da su ma NFL za su. Namu idan an kalli bidiyonsa, tambaya ta farko ita ce, wa yake tarewa?

Lissafin ba wuya. Ranar wasa yawanci 'yan layin gaba takwas ke sa riga, biyar a fili, uku a benci. Sabon yaro da aka ɗauko daga ƙarshe benci zai nema, kuma na benci dole ya iya toshe guri fiye da ɗaya. Gad ɗin da ba ya iya santa, kujera kawai ya cinye.

Asabar ɗin zaɓen, zagaye na huɗu zuwa na bakwai suka wuce wayarsa ba ta yi ƙara ba. Yayata tana ta jan carbi. Da aka rufe, ƙungiyoyi suka shiga rububin waɗanda ba a zaɓa ba, mu abin da muka samu gayyatar gwaji ce zuwa sansanin sababbi, ba kwantiragi. Ranar farko kocin layi ya tambaye shi ko ya taɓa buga santa. Ya ce a'a, amma zai koya. Kocin ya juya ya kira wani.

Da na je ɗauko shi a filin jirgi ya ce, "Kawu, wallahi wanda suka riƙe bai kai ni ƙarfi ba." Na yarda, don na ga bidiyon yaron. Santa ne.

Yanzu kullum da asuba yana miƙa ƙwallo a bayan gida, ni nake caɓewa, yatsuna duk sun kumbura. Gasar UFL, wata gasar ƙwararru da ba ta kai NFL ba, yake hari, ko wani gwajin idan rauni ya buɗe gurbi. Ejan ɗin kuwa na tura masa saƙo ina tambaya ko ya taɓa auna hannun yaron kafin ya sa mu biya kuɗin horo. Ya karanta, bai amsa ba.