Asabar a Jimbocho, cikin gashin mata

Ruwan sama ya kore ni daga titi yau da hantsi, na fake a wani ɗan shago a Jimbocho, unguwar masu tsofaffin littattafai a Tokyo. Ashe tsofaffin zane-zanen bugun katako ake sayarwa. Mai shagon, wani dattijo marar yawan magana, ya ga na tsaya tsuru, sai ya jawo aljihun tebur ya fara fito da su ɗaya bayan ɗaya.

Duk hotunan mata ne, irin da suke kira bijin-ga. Sana'ar ta kusa mutuwa bayan shigowar kyamara, har wani ɗan kasuwa, Watanabe Shozaburo, ya farfaɗo da ita wajen 1915 da sunan shin-hanga. Mutum huɗu ke aikin: mai zane, mai sassaƙa, mai bugu, da mai kuɗin da ke haɗa su. Kowane launi da nasa allon icen ceri.

Wanda ya riƙe ni shi ne na Hashiguchi Goyo na 1920, mace tana tsefe dogon gashinta. Sabon bugu ne, dattijon ya ce na asali ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Ya miƙo min gilashin ƙara girma. Wallahi sai da na ja numfashi. Gashin da ke gefen goshinta sili-sili ne, kuma mai sassaƙa ba layin yake yankewa ba, icen da ke gefe da gefe yake cirewa ya bar silin a tsaye. Hannu ya ɗan karkace, allo ya lalace. Na tuna masu zanen ƙwarya na gida, sai dai su abin da wuƙa ta ci shi ne adon. Sunan Goyo kowa ya sani, ya rasu a 1921 yana ɗan shekara arba'in da kaɗan, amma a ganina rabin yabon na mai wuƙar ne. Wannan hoton ne ma aka kwaikwaya a fuskar kwamfutar Macintosh ta 1984, don Steve Jobs na kamfanin Apple ya kasance mai tara irinsu.

Daga nan ya buɗe littafi ya nuna min na Torii Kotondo na 1930, mace kwance da safe, gashi a warwatse. Hukuma ta ce ya saɓa wa tarbiyya, ta ƙwace sauran bugun da ba a sayar ba. Babu tsiraici a ciki, gashin ne kawai ya faɗi abin da ba a so a ji.

Na fi jinkiri a kan na Kobayakawa Kiyoshi, shi ma na 1930. Budurwa ta yanke gashi gajere, rigar Turawa, sigari a hannu, kofin giya a gabanta. Irinta ake kira moga a lokacin, 'yan matan zamani na unguwar Ginza a Tokyo. Sauran duk sun sunkuyar da kai ko suna kallon madubi, masu saye kuma da yawa Amurkawa ne masu son Japan ta kimono, rigar gargajiyarsu. Ita kaɗai ta zuba min ido. Ba ta burge ni ba, amma ita na fi yarda cewa an taɓa ganin irinta a titi.

Katin wasiƙa biyu kawai na iya saya, ɗaya na Yaya Hajara. La'asar ta same ni a jirgin ƙasa, ga takalmina sharkaf.