Akwatin gem da mai turi: wa zai riƙe mana waƙa da fim?

A bakin tashar garinmu, kan hanyar da ta nufi Ringim, akwai wani shagon langa-langa mai benci uku da talabijin biyu, inda samari suke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Ƙanena ne yake kula da shagon. Ranar Asabar da ta wuce ina zaune ina jiran wayata ta cika, sai ya dafa akwatin ya ce: "Yaya, nan gaba kaɗan wannan abin zai kashe kasuwar masu turi, domin waƙa da fim duk a cikinsa za a riƙa saukewa." Masu turi su ne masu zuba wa mutane waƙa da fim a waya ko memori. Ban ba shi amsa nan take ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda ba shi ne ya fara wannan hasashe ba.

Kamfanonin da suke ƙera waɗannan na'urori sun daɗe da wannan buri. Tun PlayStation ta farko, wadda Sony ya fitar a Japan a 1994, tana kunna faifan waƙa. PlayStation 2 ta shekarar 2000 kuwa tana kunna DVD, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa aka sayar da fiye da miliyan 150 nata, domin magidanci yakan ga ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Daga nan sai aka yi tunanin a raba mutane da faifai baki ɗaya. A ƙarshen 2006 Microsoft ya buɗe kasuwar sauke fina-finai a Xbox 360, a 2008 Sony ya bi sahu a PlayStation 3, kuma a 2008 ɗin ce Netflix ya shiga Xbox. Lokacin da aka gabatar da Xbox One a 2013, an fi tallata ta a matsayin uwar kayan kallo ta falo fiye da abin wasa, har masu gem suka yi ta ƙorafi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankalina. A ƙarshen Agustan 2021 Sony ya daina sayar da fina-finai a shagonsa na intanet, saboda mutane sun koma kallo kai tsaye ta hanyar biyan kuɗin wata. Bayan shekara guda, masu PlayStation a Jamus da Austriya suka wayi gari an cire musu wasu fina-finan da suka saya da kuɗinsu, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin Sony da masu fina-finan. Wannan ya dame ni ƙwarai. A wurinmu, abin da ka saya naka ne, ko kaset ne ko tunkiya, kuma ban ga yadda za a shawo kan mutumin karkara ya biya kuɗin abin da wani zai iya ɗauke masa daga nesa ba tare da sallama ba.

To, mu dawo gida. A can ƙasashen, akwatin gem kayan ɗaki ne, yana haɗe da wutar da ba ta ɗaukewa da intanet ɗin da ba a ƙirga shi. A nan jari ne, kamar injin markaɗe. Ƙanena yana tayar da janareta bayan la'asar, kuma kowace awa yana lissafin man da ya sha. Idan ya bar yara biyu suna wasa, kuɗi suna shigowa duk bayan 'yan mintoci; idan ya tsaya sauke fim ɗaya mai nauyin gigabait da yawa, da sabis ɗin da sai an ɗaga waya sama ake samunsa, mai yana ƙonewa, data tana ƙarewa, benci kuma babu kowa. Ga kuma matsalar biya: masu irin waɗannan na'urori a ƙasar nan sukan buɗe asusu ne da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin kuɗi da kuɗin waje. Bayan duk wannan wahala, ba fim ɗin Kannywood za ka tarar a ciki ba, balle waƙar biki ko karatun malamin da mahaifiyarmu take so.

Mai turi kuwa yana nan gefen shagon, da tsohuwar kwamfutarsa da faifan ajiya da yake cikowa daga Kano. Na ga wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta, ta ciro memori ƙarami kamar farce, ta ce a zuba mata wa'azi da fim mai dogon zango. Kafin ta gama cinikin kayan miya an gama mata. Za ta kalla a ƙaramar wayarta ba tare da data ba, gobe kuma ta tura wa maƙwabciyarta ta Xender. Ina sane da cewa masu shirya fim suna kukan wannan hanya tana cinye musu guminsu, kuma kukansu yana kan gaskiya, shi ya sa da yawansu suka koma YouTube.

A nan ne nake ganin ƙanena yana da rabin gaskiya. PlayStation 4 tana buɗe YouTube, tana kuma kunna bidiyo daga filashi. Idan sola ta wadata, data kuma ta yi sauƙi, shagonsa yana iya zama gidan kallo da safe, gidan gem da yamma, ba tare da ya ƙara sayen wata na'ura ba. Wato akwatin zai iya zama abin haska fim ga jama'a, amma ban ga alamar zai zama rumbun da mutanenmu za su riƙa ɗiba suna tafiya da shi gida ba, domin babu mai saka shi a aljihu ya tafi gona.

Da na faɗa masa haka washegari, sai ya yi shiru, sannan ya ce zai gwada nuna fim ranar kasuwa da hantsi, ya ga ko kuɗin shiga zai fitar da kuɗin mai. Filashin da zai yi gwajin da shi, wurin mai turin ya kai a cika masa.