Yadda Nake Kula da Zafi, Danshi da Ruwan Tarantula a Katsina

Galibin shawarwarin kiwon tarantula, wani babban gizo-gizo mai gashi, daga Turai da Amurka suke zuwa, kuma babbar damuwar masu ba da su ita ce yadda za su ɗumama akwatin gilashin da ake kiwonsa a ciki. A nan Katsina, inda nake kiwon mace ɗaya mai jajayen gwiwoyi, irin da asalinsa yammacin Meziko ne, zafin shi ne abin gudu. Wannan halitta tana sakewa ne idan zafi yana tsakanin digiri 22 da 28, mu kuwa a Afrilu da Mayu ma'auni yakan haura 40.

Da bazara ta kama, nakan ɗauke akwatin daga ɗakin da ke da rufin kwano in kai shi ɗakin ƙasa, in ajiye shi kusa da randa, nesa da taga, domin gilashin da rana ta haska kai tsaye yana iya halaka abin da ke cikinsa cikin ɗan lokaci. Ban dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba, tunda wutar lantarki ba ta da tabbas. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne shimfiɗa mai zurfi ta niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, wadda take haƙa rami a ciki ta shige idan sama ta yi zafi. Wannan ɗabi'a tata ce ta sa ko da hunturu ba a sa abin ɗumamawa a ƙarƙashin akwati, sai a gefe guda, domin idan ta ji zafi ƙasa za ta nufa, ta je ta tarar da abin da take gudu. Ni dai ban buƙaci ɗumamawar ba. A daren Disamba da Janairu rufe taga ya wadatar, sanyin kuma bai wuce ya rage mata cin gyare ba.

Illar hunturu ta gaske ita ce bushewa. Gizo-gizo yana miƙe ƙafafunsa ne da matsin ruwan jikinsa, saboda haka idan ƙishirwa ta yi tsanani cikinsa yakan yamushe, ƙafafun su naɗe su koma ƙarƙashinsa, kuma da wuya a ceto wanda ya kai wannan hali. Maganin ba shi da tsada: ɗan faffaɗan murfin kwalba marar zurfi, cike da ruwa mai tsabta, wanda a wannan lokaci nake dubawa kullum domin iska tana shanye shi da sauri. Ba na sa auduga ko soso a ciki, domin ƙazanta kawai suke tarawa, kuma babbar tarantula ba ta nutsewa a ruwa irin wannan. Lokaci zuwa lokaci nakan bar ruwan ya malala ya jiƙa kusurwa ɗaya, sauran shimfiɗar ta zauna a bushe, ita ta zaɓi inda take so. Fesa ruwa, a ganina, wahalar banza ce, domin yana firgita ta, kuma kafin a juya ya bushe.

Da damina, musamman a Agusta, nakan daina jiƙa kusurwar, in tabbatar ƙofofin iska na gefen akwatin a buɗe suke, in kwashe ragowar abinci kafin ya yi fumfuna. Huhunta guda huɗu a ƙarƙashin cikinta suke, daf da shimfiɗa, don haka laima marar iska ta fi bushewa cutar da irin wannan. A lokacin ne kuma sauro ke yawa, sai na hana kunna maganin sauro ko fesa shi a ɗakin, domin abin da ke kashe sauro yana kashe ta.

Idan ta zo yin saɓa takan kwanta rigingine kamar ta mutu. Ba na taɓa ta, ba na ƙara danshi, ina cika murfin ruwan ne kawai, kuma ba na ba ta gyare sai bayan mako guda ko fiye, lokacin da fiƙoƙinta suka yi baƙi suka yi ƙarfi.